Dalilin da ya sa ɗakin kwano ya fi soro zafi

A kowace shekara, daga tsakiyar watan Maris har zuwa saukar ruwan farko, ma'aunin zafi a jihar Kano yakan kai digiri 40 da tsakar rana, a wasu ranakun ma ya zarce haka.

A irin wannan lokaci na bazara, duk wanda ya fito daga tsohon zaure na ƙasa ya shiga ɗakin da aka rufa da kwano babu silin, a Madadi ko Getso ko Garo ko wani gari na ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, nan take zai ji bambancin a jikinsa, ko da kuwa bango ɗaya ne ya raba ɗakunan biyu.

Rana ɗaya ce ke dukan rufin biyu. Abin da ya bambanta su shi ne yadda zafi ke ratsa kayan da aka yi kowane rufi da su. Wannan batu yana cikin manhajar kimiyya ta ƙananan makarantun sakandare a Najeriya, kuma malami zai iya nuna wa ɗalibansa shi da gwangwanayen madara da auduga da laka, ba tare da ɗakin gwaje-gwaje ba.

Zafin da ke kisa

Lamarin ya wuce batun jin daɗin barci. A ranar 3 ga watan Afrilun shekara ta 2024, an auna zafin da ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A cikin kwanaki huɗun farko na wannan wata, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutane 102, alhali kuwa a ɗaukacin watan Afrilun 2023 mutane 130 ne suka rasu a asibitin. Tsofaffi ne da dama daga cikin mamatan.

Zafin ya zo ne a ƙarshen watan azumi, a daidai lokacin da ake fama da ɗaukewar wutar lantarki, kuma ya shafi Burkina Faso da Nijar da Najeriya. Hukumar kula da yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana 2024 a matsayin shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye alƙaluma ya zuwa wannan lokaci.

A ƙauyen da babu wutar da za ta juya fanka, rufi da bango su ne kaɗai kariyar da tsoho ko jariri ko mara lafiya yake da ita. Haka nan ɗalibin da ke zaune a aji da ƙarfe ɗaya na rana.

Hanyoyi uku

Ƙa'idar farko ita ce, zafi a kullum yana tashi ne daga wuri mai zafi zuwa wuri mai sanyi, kuma ta hanyoyi uku yake yin wannan tafiya.

Ta farko ita ce ratsawa, wato zafi ya bi ta cikin jikin abu daga wannan gefe zuwa wancan, kamar yadda cokalin da aka bari a cikin tukunyar miya yake ƙona hannu. Ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi cokalin ne ke karkarwa idan sun ji zafi, kowace tana miƙa wa ta kusa da ita.

Ta biyu ita ce bin iska ko ruwa. Iskar da ta ɗumama takan yi sama da zafin da ta ɗauka, mai sanyi kuma ta maye gurbinta.

Ta uku ita ce huci, irin wanda mai jin ɗumi yake ji a fuskarsa ba tare da ya taɓa wuta ba. Ta wannan hanya ce zafin rana yake isowa duniya.

Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa, Joseph Fourier, shi ne ya tsara dokar ratsawar zafi a cikin littafin da ya wallafa a shekara ta 1822. A taƙaice dokar tana cewa yawan zafin da ke ratsa bango yana ƙaruwa da faɗin bangon da kuma tazarar zafi tsakanin ciki da waje, yana kuma raguwa gwargwadon kaurinsa. Sai abu na huɗu, wato irin kayan da aka yi bangon da su.

A nan ne tazarar take da ban mamaki. Idan aka ɗauki iskar da ke tsaye cik a matsayin 1, to katako yana miƙa zafi kimanin ninki 5, ruwa fiye da ninki 20, busasshiyar ƙasar gini tsakanin ninki 20 zuwa 40, siminti kuma kimanin ninki 50. Baƙin ƙarfe, wanda da shi ake yin kwanon rufi na yau da kullum, ya kai kusan ninki 2,000, alminiyom kimanin 9,000, jan ƙarfen wayar lantarki kuwa kimanin 15,000.

Gwajin cokali

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Kashin farko na gwajin yana buƙatar cokalin ƙarfe da na roba da kuma ɗan itace mai tsawonsu. Za a ɗiga kakin kyandir a kusa da ƙarshen kowanne, a manna ƙwayar wake a kai, a tabbatar nisan waken daga ƙasa ɗaya ne a dukansu, sannan a tsoma su a cikin kofin ruwan zafi a lokaci guda.

Waken da ke jikin cokalin ƙarfe ne zai fara faɗuwa, saboda kakinsa ne zai fara narkewa. Na roba da na itace kan iya kai wa har ruwan ya huce ba su motsa ba. Tun a shekarun 1780 wani likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, ya yi amfani da irin wannan dabara ta shafa kaki a jikin sandunan ƙarfe domin jera su bisa saurin miƙa zafi.

Matan gida sun daɗe da sanin sakamakon a aikace, shi ya sa da muciyar itace ake tuƙa tuwo, da ludayin duma ake dama kunu.

Gwangwani huɗu

Kashi na biyu shi ne na tare zafi. Za a samo gwangwanayen madara huɗu masu girma ɗaya. A bar na farko tsirara, a naɗe na biyu da auduga, a binne na uku a cikin ɓuntun shinkafa ko ƙaiƙayi, na huɗu kuma a yaɓe shi da laka a bari ta bushe sarai. Kaurin abin da aka rufe kowanne da shi ya zama ɗaya, misali faɗin yatsa biyu.

Daga nan sai malami da kansa ya zuba ruwan zafi daga buta ɗaya, adadi ɗaya, a rufe bakin kowanne da kwali, a ɗora su a kan katako a cikin inuwa. Ɗalibai za su riƙa auna zafin ruwan duk bayan minti biyar har tsawon rabin sa'a suna rubutawa.

Muhimmin darasi ga ɗalibi a nan shi ne adalci a gwaji: abu ɗaya tak ake sauyawa, sauran duka a bar su daidai. Idan wani gwangwani ya fi wani ruwa, ko kuma an bar ɗaya a bakin taga inda iska ke kaɗawa, to sakamakon ba abin dogaro ba ne.

A makarantar da babu ma'aunin zafi ana iya juya gwajin. Maimakon ruwan zafi sai a sanya ƙanƙara mai girma ɗaya a kowane gwangwani, bayan rabin sa'a a tsiyaye ruwan da ya narke a auna shi da sirinji ko murfin kwalba.

Ko ta wace hanya aka bi, auduga da ɓuntu ne za su yi gaba. Dalili kuwa shi ne iskar da ke maƙale a tsakanin zarensu da ɓawonsu, wadda ba ta da damar zagayawa. Idan aka jiƙa audugar, ko aka matse ta tamau da zare, amfaninta zai ragu ƙwarai, domin ruwa ya kori iskar ko kuma matsi ya fitar da ita.

Gwajin ƙanƙarar yana gyara wani kuskure da ya zama ruwan dare, wato zaton cewa bargo yana samar da ɗumi. Bargo tare hanya kawai yake yi. Shi ya sa masu sayar da ƙanƙara a watan azumi suke lulluɓe ta da buhuna ko garin katako, kuma kular da ke riƙe zafin tuwo ita ce dai ke riƙe sanyin zoɓo. Filas ɗin shayi ma haka yake, sai dai shi an zuƙe iskar da ke tsakanin bangonsa biyu gaba ɗaya, dabarar da masanin kimiyya James Dewar ya ƙirƙiro a Birtaniya a 1892.

Sirrin ginin ƙasa

Gwangwanin da aka yaɓe da laka shi ne wanda zai ba ɗalibai mamaki. Ba zai riƙe zafi kamar na auduga ba, a mintocin farko ma ruwansa kan iya saurin hucewa, saboda lakar tana shanye zafin. Ke nan ƙasa ba ta cikin abubuwan da suka fi iya tare zafi. To me ya sa soro yake da sanyi?

Amsar tana ga kauri da nauyi. Kwanon rufi bai kai kaurin rabin milimita ba, saboda haka da zarar rana ta doke shi, cikinsa da bayansa sun zama ɗaya. Kwanon da ya yi tsatsa ko mai duhun launi yakan wuce digiri 60 da rana tsaka, sannan ya riƙa sako huci kai tsaye a kan mutanen da ke ƙarƙashinsa.

Bangon tubali kuwa, da rufin azara wanda aka shimfiɗa wa zana ko kara aka kuma ɗora ƙasa mai kauri, dole ne zafi ya ɗumama kowane sashe nasu kafin ya wuce gaba. Lissafi ya nuna cewa a bangon ƙasa mai kaurin santimita 30, zafin tsakar rana yakan ɗauki kimanin sa'o'i goma kafin ya isa ciki, kuma kafin nan ƙarfinsa ya ragu sosai.

Wannan jinkiri yana da fuska biyu. Da hunturu alheri ne, domin zafin da bango ya sha da rana shi yake ɗumama ɗaki da dare. Da bazara kuwa, lokacin da daren ma ba ya yin sanyi sosai, bangon yakan saki zafinsa a daidai lokacin kwanciya, abin da ke sa jama'a fitowa tsakar gida da tabarmi. Ɗakin kwano ya fi saurin hucewa bayan faɗuwar rana, amma shi ne mafi tsanani a sa'o'in da suka fi haɗari.

Maginan ƙasar Hausa sun yi aiki da wannan sani shekaru aru-aru. Gidan Rumfa a Kano ya samo asali ne tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19, ya shahara da bakan gizonsa masu ɗaga rufi sama, ta yadda iska mai zafi za ta taru nesa da kan masallata.

Abin da ya kawo kwano

Duk da haka, jama'a ba su koma ga kwano a banza ba. Rufin ƙasa yana buƙatar yaɓe kusan kowace shekara kafin damina, yana yoyo idan aka yi sakaci, kuma yakan rufta a kan mutane idan ruwan watan Agusta ya yi yawa. Giginyar da ake faskara azara daga jikinta ta yi ƙaranci, jinka kuma tana da haɗarin gobara. Kwano ba shi da nauyi, ana buga shi a yini ɗaya, yana kuma shekaru ba a taɓa shi ba.

Saboda haka tambayar da ke gaban mai gini a yau ita ce yadda zai ci moriyar kwano wajen tare ruwa ba tare da ya sha zafinsa ba.

Kashi na uku na gwajin yana ba da amsa. Za a samo kwalaye uku masu girma ɗaya a matsayin ɗakuna, a rufa kowanne da guntun kwano. A bar na farko haka nan. A na biyu a yi silin da kwali, a bar tazarar yatsa huɗu tsakaninsa da kwanon, a kuma huda ƙofofin iska a gefe da gefe. Na uku a shafe bayan kwanonsa da farin fenti ko farar ƙasa. A jera su a rana daga ƙarfe 12 zuwa 2, ana auna zafin cikinsu.

Na biyu da na uku za su fi na farko sanyi. Silin yana tare hucin kwano, iskar da ke ratsawa ta ƙofofin tana kwashe zafin da ya taru, farin launi kuma yana mayar da mafi yawan hasken rana tun kafin ya zama zafi.

Daga Gando zuwa Indiya

An riga an gina irin wannan aji a zahiri. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, masanin zanen gine-gine Francis Kéré, wanda ɗan garin ne, ya kammala wata makarantar firamare a 2001. An yi bangonta da silin ɗinta da tubalin ƙasa, sannan aka ɗaga rufin kwano can sama a kan sandunan ƙarfe, ya yi wa ginin laima, iska na wucewa a tsakani. Makarantar ta sami lambar yabo ta Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, mafi daraja a fannin, a 2022.

A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar ma, da tubalin ƙasa da aka matse da inji aka gina sabon masallaci, aka kuma mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu, aikin da aka kammala a 2018.

Birnin Ahmedabad na Indiya kuwa, inda zafin watan Mayun 2010 ya haddasa mutuwar mutane fiye da 1,300, ya fito da shirin tunkarar zafi a 2013, daga bisani kuma a 2017 ya shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farin launi. Bayanan shirin sun nuna cewa irin wannan rufi yana rage zafin ɗaki da digiri 2 zuwa 5.

Akwai abin lura wajen zaɓen silin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ƙurar asbesto, wanda aka daɗe ana yin silin da shi a Najeriya, tana haddasa ciwon daji. Soso da ciyawa kuma suna tare zafi sosai, amma suna saurin kamawa da wuta, don haka ba a haɗa su da wayar lantarki ko hayaƙin murhu.

Malamin da ya juya ƙa'idar

Duk abubuwan da aka ambata jinkirta zafi suke yi ko su kore shi, babu wanda ke samar da sanyi. Wanda ya nuna yadda za a fitar da zafi daga cikin abu ba tare da lantarki ba a arewacin Najeriya shi ma malamin makaranta ne.

Marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane ya kuma koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse, ya yi gwaje-gwajensa ne a shekarun 1990. Ya sanya ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, ya cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle.

A nan ana son zafi ya ratsa ne. Jiƙaƙƙen yashi yana miƙa zafin tukunyar ciki zuwa ta waje, ruwan da ya naso a bayanta kuma ya bi iska ya tafi da shi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Zafin da lita ɗaya ta ruwa ke ɗauka kafin ta bi iska ya ninka wanda ake buƙata domin kai ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa fiye da sau biyar.

A gwaje-gwajen nasa, yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai mako uku, alayyahu kuma kwana 12. Ya fara da raba tukwane 5,000 a ƙauyukan Jigawa da kuɗin aljihunsa, kuma a shekara ta 2000 ya sami lambar yabo ta kamfanin Rolex mai ɗauke da dala 75,000. Dabarar ta fi aiki da rani lokacin da iska ke bushe, da damina kuwa ƙarfinta yana raguwa.

Amfanin darasin

Jihar Kano ta daɗe da ba ilimin kimiyya muhimmanci, tun daga buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977. Sai dai akasarin yaran karkara a makarantun je-ka-ka-dawo suke karatu, inda kayan gwaji ba su wadata ba, kuma irin waɗannan makarantu ne gwajin gwangwani ya fi dacewa da su.

A watan Yunin 2024 gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, kuma gyara da gina ajujuwa na daga cikin abubuwan da ta sanya a gaba. A duk inda ake irin wannan aiki, ko na gwamnati ne ko na ƙungiyar iyaye da malamai ko na Islamiyyar unguwa, abubuwan da za a duba su ne tsawon bango, da silin, da ƙofofin iska a ƙarƙashin kwano, da launin rufi, da tagogi masu fuskantar juna, da kuma bishiyar inuwa a gefen yamma. Shigar da su tun a lokacin gini ya fi sauƙin kuɗi a kan gyara daga baya.

Ɗalibin Madadi da ya auna zafin kwalayen nan uku da hannunsa, ya rubuta alƙaluman a littafinsa, zai iya bayyana wa mahaifinsa da kafinta dalilin barin tazara tsakanin kwano da silin a ranar da za a rufa sabon ɗaki a gidansu.